Nauyi da Ja: Abin da Kalmomi Biyu na Japananci Suka Warware Mini

"Malam, in dai maganaɗisu ne, me ya haɗa shi da mangwaro?"

Wata ɗaliba ce 'yar aji huɗu ta jefo mini wannan tambaya ana saura minti biyar a tashi. Na gama yi musu bayanin abin da ke sa abubuwa faɗuwa da Turanci, na ga kamar da bango nake magana, sai na juya Hausa don abin ya zauna. Na ce ai ƙarfin maganaɗisun ƙasa ne ke jawo komai, kamar yadda na sha ji a rediyo. Yarinyar ta ce a gidansu akwai maganaɗisun da ƙaninta ya ciro daga tsohuwar lasifika. Yana kama allura, yana kama ƙusa, amma ko tsinken tsintsiya bai taɓa kamawa ba. To ta yaya na ƙasa yake kama mangwaro, da ruwan sama, da akuyar da ta zame a bakin rijiya? Na ce mata kwatance ne kawai. Ta yi shiru irin na ladabi, ni kuwa na san ban ba ta amsa ba. Kalmar da na kawo ce ta yi ƙarya, yarinya ta kama ta dumu-dumu.

A lokacin ina ɗan taɓa koyon Japananci da dare a waya, ba don wata tafiya ba, sha'awa ce kawai. A daren na ce bari in ga su Japanawa me suke kiran wannan abu. Ƙamus ya ba ni kalmomi biyu: jūryoku da inryoku. Na ɗauka irin su mota da mato ne, ko kuɗi da kurɗi, abu ɗaya da suna biyu. Sai da na shafe makonni ina tono kafin na gane cewa tsakanin kalmomin nan biyu akwai tarihi na shekara fiye da ɗari biyu, kuma a tsakaninsu ne ainihin abin da Isaac Newton ya gano yake zaune.

Mu fara da rubutun. Japanawa suna rubuta manyan kalmominsu da alamomin da suka aro daga Sin, waɗanda suke kira kanji, kowace alama da ma'anarta. Jūryoku alama biyu ce, 重力. Ta farko, 重, tana nufin nauyi. Masana tsohon rubutu suna cewa asalinta hoton mutum ne da buhu a bayansa. Ta biyu, 力, tana nufin ƙarfi, jan alƙalami biyu kacal, yaran aji ɗaya na firamare ke koyon ta. Inryoku kuma 引力 ce. Ƙarfin dai shi ne a baya, amma a gaba akwai 引, wato ja. In ka dube ta da kyau za ka ga baka a hagu da tsayayyen layi a dama, kamar maharbi ya ɗana kibiya ya ja tsirkiya. Ita ce ake mannawa a ƙofofin kantuna a Tokyo don ka san jawowa za ka yi, ba turawa ba. Ke nan jūryoku ƙarfin nauyi ne, inryoku ƙarfin ja.

Ranar da na fara rubuta su da biro na yi wani kuskure da ya ba ni dariya. Na matse 重 da 力 wuri ɗaya don takardar ta ƙare, sai manhajar ta karanta mini wata kalma daban. Ashe in ka haɗa nauyi da ƙarfi a cikin gida ɗaya, 動 ke fitowa, ma'anarta motsi. Ita ce a tsakiyar jidōsha, mota, wato keken da ke motsa kansa. In ka ƙara mata alamar mutum a gefe ta koma 働, aiki. Mai ɗaukar kaya a kasuwar Kwari bai san kanji ba, amma zai yarda da wannan lissafi.

Abin da ke wahalar da sabon shiga shi ne kowace alama tana da karatu aƙalla biyu. In 重 ta tsaya ita kaɗai a maganar gida, omoi ake cewa, abu mai nauyi. In 引 ta tsaya ita kaɗai, hiku ce. 力 kuma chikara. Waɗannan su ne kalmomin Japananci na asali, waɗanda tsohuwa ke faɗa wa jikanta. Amma in an haɗa alamomin don gina kalmar ilimi, sai a koma lafazin da aka aro daga Sin: jū, in, ryoku. Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba. Mu ma muna da sani muna da ilimi, muna da gomiya biyu muna da ashirin. Ɗaya ta gida, ɗaya ta shigo da littafi daga Larabci, kowacce da wurin zamanta. Bambancin kawai shi ne su alama ɗaya ce ke ɗauke da duka biyun, mai karatu ne zai gane wadda ake nufi. Wani lokaci ma karatun aro biyu ne: 力 ɗin nan riki ce a cikin jinrikisha, keken da mutum ke ja da ƙarfinsa.

Wajen furuci kuwa Bahaushe yana da sa'a. Harafin r nasu ɗan kaɗa harshe ne sau ɗaya, kusa da na "rana" da "ruwa". Gaɓar ryo ana haɗe ta ne kamar yadda muke haɗe kya a "kyau". Sai dai a kula da wasali: a jūryoku ana jan u ɗin, kamar bambancin gari na mutane da garin tuwo, wanda bakinmu ya sani ko da bokonmu ba ya rubutawa. Ga kuma inda na yi tsalle daga tabarma: akwai kalma ta uku, jiryoku, 磁力, ita ce ƙarfin maganaɗisu. Wasali ɗaya ne ya raba ta da jūryoku a kunne, amma a rubuce ba su haɗa komai ba sai ƙarfin da ke bayansu. Yaron Japan ba zai taɓa faɗawa ramin da na jefa ɗalibaina ba.

To wa ya ƙera kalmomin? Tarihi yana jingina su ga mutum ɗaya, Shizuki Tadao, wanda aka haifa a Nagasaki a 1760, ya rasu a 1806. A zamaninsa Japan ta kulle ƙofa. Gwamnatin Tokugawa ta haramta Kiristanci, ta kori Turawan Fotugal a 1639, ta bar 'yan Holan kaɗai a cikin Turawa, su ma a 1641 ta tattara su a Dejima, wani ɗan tsibiri da aka cike da hannu a gaɓar Nagasaki. Girmansa kamar filin ƙwallo biyu ne, da gada ɗaya mai masu gadi. Ta wannan ƙofar allura duk ilimin Turai ke shiga ƙasar, kuma da harshen Holanci. A 1720 shogun Yoshimune, wato shugaban sojan da ke mulkin ƙasar, ya sassauta haramcin littattafan ilimin Turai matuƙar ba wa'azi a cikinsu, daga nan aka samu masu abin da ake kira rangaku, karatun Holan. Tafintocin Dejima gadon gida suke yi, ɗa ya gaji uba. Shizuki ɗan riƙo ne a ɗaya daga cikin gidajen, ya shiga aikin, ya bar shi tun yana matashi, ya shige ɗaki da littafi.

Littafin ma ba na Newton ba ne. Na John Keill ne, ɗan Sikotilan da ya koyar a Oxford, mai tsananin kare Newton har shi ne ya fito ya zargi masanin lissafin Jamus, Leibniz, da satar lissafin Newton. Keill da Latin ya rubuta. Wani malamin jami'ar Leiden, Johan Lulofs, ya mai da shi Holanci a 1741. Wannan fassarar ce ta faɗo hannun Shizuki. A tuna fa, ƙamus na farko tsakanin Holanci da Japananci sai a 1796 aka kammala shi. Mutumin nan ya zauna da littafin falaki da lissafin motsi, ya yi kusan shekara ashirin yana fama, har ya fitar da Rekishō Shinsho kashi uku tsakanin 1798 da 1802. Shi ne kuma a 1801 ya ƙirƙiro kalmar sakoku, ƙasa mai sarƙa, wadda har yau da ita ake kiran zamanin kullen.

Holanci ya yi masa rana ta wata fuska. Harshe ne da ke gina kalmomin ilimi da tubalin gida, ba ya yawan fakewa a bayan Latin. Abin da ke sa dutse nauyi suna kiransa zwaartekracht: zwaarte nauyi, kracht ƙarfi. Jan da jiki ke yi wa jiki kuma aantrekkingskracht, daga trekken, ja. Shizuki ya kwance kowace kalma kamar yadda makaniki ke kwance inji, ya samo wa kowane ɓangare alamarsa, ya sake ɗaurawa. Waɗanda suka biyo bayansa haka suka yi. Udagawa Yōan ya ɗauki waterstof, sinadarin ruwa, ya mai da shi suiso. Ya ɗauki zuurstof, sinadarin tsami, ya mai da shi sanso, iskar da muke shaƙa ke nan. Wannan hanya tana da aibinta, don tana kwaso kuskure tare da daidai. Lavoisier, Bafaranshen da ya raɗa mata suna, ya ɗauka duk abu mai tsami yana ɗauke da wannan iska, daga baya aka gane ba haka ba ne, amma sunan ya riga ya zauna a Faransanci da Holanci da Japananci.

Abin da ya fi burge ni shi ne inryoku ba ita ce kalmarsa ta farko ba. A wani ɗan littafi da ya fassara a 1784 ya kira abin kyūryoku, ƙarfin nema, kamar abubuwa neman juna suke yi. Daga baya ya koma kan ja. Tsakanin nema da ja akwai tazara. Nema daga cikin abu yake fitowa, yana da ƙamshin tsohon tunanin da ke cewa dutse yana faɗuwa ne don yana son komawa gidansa, ƙasa. Ja kuwa daga waje yake, wani ne ke yi maka. Mutum ya canza alama ɗaya, ya tsallake daga Aristotle, masanin Girka mai wancan tsohon tunani, zuwa Newton.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Me ya sa kalma biyu? Saboda kafin Newton abubuwa biyu ne. Nauyi kowa ya san shi, ba a bukatar malami: tulu a ka, yaro a baya, buhu a kafaɗa. Kalmar Latin gravitas, wadda ta haifi ta Turanci, nauyi kawai take nufi. Tafiyar wata da taurari kuwa wani babi ne daban, na sama, wanda ake ganin dokarsa ba irin ta ƙasa ba ce. Abin da Newton ya buga a 1687 shi ne cewa biyun nan abu ɗaya ne. Lissafinsa yana da sauƙin bi. Dutse in ka sake shi yana faɗuwa kusan mita 4.9 a daƙiƙar farko. Nisan wata daga tsakiyar duniya ya ninka namu sau 60. In ja yana raguwa gwargwadon nisa sau nisa, to a can zai ragu sau 3,600, wata zai riƙa faɗuwa milimita ɗaya da 'yan kai a kowace daƙiƙa. Da aka auna yadda hanyar wata ke lanƙwashewa daga miƙaƙƙen layi, abin da aka samu ke nan. Wata faɗuwa yake yi, gudunsa ta gefe ne ya hana shi isowa. Japanawa suna kiran wannan doka banyū inryoku, 万有引力: dubu goma, akwai, ja, ƙarfi. Dubu goma a tsohon salon Sin tana nufin komai da komai. Wato jan da duk wani abin da ke akwai yake da shi. Ban ga sunan da ya fi wannan cika a cikin harsunan da na leƙa ba.

Kalmar ja ɗin kuwa ta jawo wa Newton surutu. Leibniz da mabiya masanin Faransa Descartes suka ce wannan ai komawa tsafi ne: ta yaya rana za ta ja duniya ba igiya, ba taɓawa, ta cikin sarari fayau? Shi kansa Newton bai ji daɗin abin ba. A wasiƙarsa ga Richard Bentley a 1693 ya nuna cewa a ce jiki yana aiki a kan wani jiki daga nesa ba tare da wani tsani ba, wauta ce da mai hankali ba zai karɓa ba. A bugu na biyu na littafinsa, a 1713, ya fito fili ya ce ya nuna yadda jan yake aiki, amma dalilinsa bai gano ba, kuma ba zai ƙaga ba. Shizuki ya isa wannan bango shi ma. Ya yi ƙoƙarin cike giɓin da abin da ya gada daga malaman Sin, wato ki, wani numfashi da suke cewa ya cika sama da ƙasa yana dunƙulewa yana watsewa, amma asalin nauyi ya bar shi a cikin abubuwan da ya ce hankali ba ya kaiwa gare su.

In dai biyun abu ɗaya ne, me ya hana a jefar da kalma ɗaya? Nan Japanawa suka yi dabara. A darussan sakandarensu sun ba kowacce aikinta. Inryoku shi ne tsantsar jan da duniya ke yi maka zuwa tsakiyarta. Jūryoku kuma abin da ya rage bayan juyawar duniya ta ci rabonta. Duk wanda ya taɓa kaɗa majaujawa a gona don korar tsuntsaye ya san dutsen yana fizgar hannu zuwa waje. Duniya ma majaujawa ce, a layin tsakiyarta tana gudun kusan kilomita 1,670 a awa. Wannan fizga, wadda suke kira enshinryoku, ƙarfin nisantar tsakiya, ita ma kalmar Shizuki ce, tana rage kusan kashi ɗaya cikin 289 na jan a layin tsakiya, a ƙuryar arewa da ta kudu kuwa ba ta rage komai. Ga shi kuma duniyar ba mulmulalliya ba ce sosai, cikinta ya ɗan fito, wanda ke layin tsakiya ya fi na ƙurya nisa da cibiyarta da kimanin kilomita 21. In aka haɗa biyun, gudun abin da ke faɗuwa yana ƙaruwa da mita 9.78 a kowace daƙiƙa a layin tsakiya, a ƙurya kuma 9.83. Da duniya za ta ninka saurin juyawarta sau 17, mutanen layin tsakiya za su daina jin nauyin jikinsu gaba ɗaya, alhali jan yana nan bai ragu ba. Ka ga amfanin kalma biyu.

Kada a ce wannan wasan malamai ne. Japan doguwar ƙasa ce daga arewa zuwa kudu. A Sapporo adadin ya kai kusan 9.805, a Naha ta tsibirin Okinawa kusan 9.791. Kilo ɗaya na zinariya da aka auna a arewa, in an ɗora shi a kan sikelin nan ɗaya a kudu, zai nuna ya ragu da fiye da giram guda. Shi ya sa wasu sikelin da ake sayarwa a can, har na auna jikin mutum a gida, suke da wurin zaɓar yankin da kake kafin ka fara amfani da su. Mu nan Kano muna kusa da layin tsakiya, namu bai wuce 9.78 da ɗan ɗigo ba. Buhun riɗi mai kilo 100 da ya tashi daga Dawanau zuwa Japan, ƙasar da ke sayen riɗinmu da yawa, in da za a bi shi da sikelin sifirin ɗaya har Sapporo, zai ƙara kusan rubu'in kilo ba tare da an ƙara ƙwaya ko ɗaya ba. Tsohon ma'auni mai faranti biyu kuwa ba ruwansa da wannan, don abin da ya sami kaya shi ya sami dutsen awo.

Sai dai Japanawan ma ba su tsira daga kalma mai ƙarya ba. Lilon da 'yan sama jannati ke yi a tashar sararin samaniya, jama'a suna kiransa mujūryoku, babu ƙarfin nauyi. Tashar nan tsayinta kusan kilomita 400 ne kawai, jan duniya a wurin ya kusa kashi 90 cikin 100 na wanda muke ji. Suna lilo ne don su da tashar duk faɗuwa suke yi tare, irin faɗuwar wata, suna kewaya duniya sau 16 a yini. Masanansu sun fi son a ce mujūryō, babu nauyin awo, amma bakin jama'a ya riga ya saba. Na ɗan ji sanyi da na ga haka. Ashe ba mu kaɗai ke da maganaɗisun ƙasa ba.

Akwai kuma ɗaya ma'anar ja, ta tsakanin mutane. A nan Japananci ya raba gari da kimiyya. Farin jinin mutum ko na gari miryoku ne, 魅力. Ƙarfin yana nan a baya, amma alamar gaba tana ɗauke da 鬼, aljani. Su ma ke nan sun ga cewa wanda ya ja hankalin mutane kamar da taimakon iska ya yi. In zuciya ta karkata ga wani sukan ce hikareru, an ja ni, daga hiku ɗin nan ta jikin ƙofa, sai dai marubuta sukan canza mata alama zuwa 惹, mai zuciya a ƙarƙashinta. Tsohon ƙarfin neman Shizuki ma bai mutu ba. Ya ƙera kyūshinryoku, ƙarfin neman tsakiya, don igiyar da ke riƙe dutsen majaujawa. Malaman fiziks sun sauya ta da wata kalma, 'yan jarida suka tsince ta. Yau in ka ji an ce kyūshinryoku na firaminista ya ragu, ana nufin 'yan jam'iyyarsa sun fara zamewa, kwanakinsa sun kusa. Nauyi ma haka: jūyō muhimmi ne, jūbyō ciwo mai tsanani, jūyaku babban darakta a kamfani. Mu da muke jin nauyin surukai, muke sauke nauyin iyali, muke cewa wane mutum ne mai nauyi, ba sai an yi mana tafsiri ba.

Kalmomin sun bazu. Alamomin nan su ake rubutawa a Sin a yau, ana karanta su zhongli da yinli. A Koriya kuma jungnyeok da illyeok, inda ta biyun ta zo daidai da kalmar ƙarfin ma'aikata a furuci da rubutunsu. Kowane harshe ya zaɓi ɓangarensa. Latin da Jamusanci suka riƙe nauyi. Larabci ya riƙe ja, ya ce jazibiyya, daga tushen da ya ba mu majazubi, wanda shauƙin Ubangiji ya fizge. Tushen nauyinsu kuma shi ya ba mu misƙali na awon zinariya. Mu ne muka tsallake duka biyun muka ɗauko maganaɗisu, abin da ke da fuska biyu, yana ja yana turawa, yana zaɓen ƙarfe ya bar itace, ana iya kare shi. Jan duniya ba ya turawa, ba ya zaɓe, ba a kare shi. Abin da ya ƙara dagula lamarin, duniya tana da maganaɗisu na gaskiya, shi ne ke juya allurar kamfas ɗin da muke duba alƙibla da shi. Ranar da malami ya zo koyar da wannan, da wane suna zai kira shi, tunda ya riga ya kashe sunan a kan faɗuwar mangwaro?

A ganina tubalin yana hannunmu. Ƙarfin nauyi ya zauna daram, ba wanda zai ji shi ya ruɗe. Ja ce ke da 'yar matsala. Kalmar da nahawunmu zai ba mu kai tsaye ita ce jayayya, kamar yadda so ya ba da soyayya, amma rigima ta riga ta ƙwace ta, ja-in-ja ma haka. Ƙarfin ja kuma a rubuce wani zai ɗauka launi ake nufi. Ƙarfin jan juna ya fi kwanta mini, don yana faɗin abin da yara suka fi mantawa: mangwaron ma yana jan duniya, daidai da ƙarfin da take jansa, nauyinta ne ya sa ba ta gusawa.

Na san mai ilimin zamani zai ce duka biyun sun tsufa. Tun 1915 Einstein ya nuna cewa abin ba ƙarfi ba ne irin na igiya, lanƙwashewar sarari da lokaci ce a kusa da abu mai nauyi, abubuwa kuma suna bin hanyar da ta fi miƙewa a cikin lanƙwasar. Ya je Japan a ƙarshen 1922, a cikin jirgin ruwa yana hanya labarin kyautar Nobel ya same shi, aka yi ta cika zauruka don jin sa. Amma ba wanda ya goge 力 daga bayan kalmar. A ƙarƙashin wani dutse a Kamioka, a lardin Gifu na Japan, sun haƙa ramuka biyu, kowanne kilomita 3, suka kafa na'urar KAGRA mai madubai da ake sanyayawa ƙwarai, don sauraron girgizar da sarari ke yi in manyan taurari sun yi karo, irin wadda aka fara kamawa a Amurka ranar 14 ga Satumba 2015. Sunan girgizar jūryokuha, igiyar ruwan ƙarfin nauyi. Kalmar tafintan Nagasaki ce aka ɗora wa alama ɗaya. A lambun itatuwa na Koishikawa a Tokyo kuma akwai tuffa da aka dasa daga reshen bishiyar gidan su Newton, wadda aka aiko daga Ingila a 1964, aka tarar tana da cuta, aka killace ta shekaru kafin a fito da ita.

Mako biyu bayan tambayar na koma ajin da maganaɗisun lasifika, da ƙusa, da ɗanyen mangwaro, da dutse ɗaure a igiya. Na ce musu na yi kuskure, su goge maganaɗisu daga wancan shafin. Na rubuta ƙarfin nauyi a hagun allo, ƙarfin jan juna a dama, na zana alamomin Japanancin a ƙarƙashinsu, aji ya kaure da dariya wai Malam ya koma rubutun jikin kwalin janareta. Na kaɗa dutsen a sama da kaina har na kusa fasa gilashin taga. Ɗalibar nan ta ɗaga hannu.

"Malam, na gane ba maganaɗisu ba ne. To amma da me take jan nasa, tunda ba igiya?"

Na ce mata Newton ya ce bai sani ba, wani tafinta a Nagasaki ya ce hankali ba ya kaiwa, Einstein kuma ya ce ba ja ba ne ma, sai ta kai jami'a za a yi mata lissafin. Ta kwafe sunayen Hausar biyu a bayan littafinta, ta gwada zana 引 sau uku bakan yana karkacewa, sannan ta rubuta kalmar Turancin a gefe ta ja mata layi biyu, don ita za a tambaya a jarrabawar WAEC.